Yadda Neman Fili Ya Kai Amurka Ga Yaƙin Basasa

Galibinmu idan aka ambaci yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, abin da ke zuwa mana a rai shi ne Arewa ta yaƙi Kudu don a 'yanta bayi. Haka littattafan makaranta suka taƙaita mana shi. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ta bar wata tambaya ba amsa. Tun 1619 aka fara sauke bayi baƙar fata a Virginia, kuma sa'ad da Amurka ta ayyana 'yancinta daga Ingila a 1776, akwai bauta a dukkan yankunanta 13. To, me ya sa aka zauna da ita shekara da shekaru ba a zare takobi ba sai a 1861? Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da ya tsamar da wannan shi ne fili. Duk lokacin da Amurka ta ƙara sabuwar ƙasa, sai gardama ta tashi: za a kai bayi can, ko kuwa ba za a kai ba?

Bari mu fara da auduga. A 1793 wani mai suna Eli Whitney ya ƙera injin gurza auduga, aikin raba kaɗa da angurya ya zama wasan yara. Masaƙun Ingila kuwa suka buɗe baki, ko nawa aka kai musu sai su haɗiye. Sai dai auduga tana cinye ƙarfin ƙasa, saboda haka mai gandu kullum idonsa na kan sabuwar gona, sabuwar gona kuma tana neman sababbin hannuwa. An hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, amma hakan bai rage komai ba. Bayin da ba su wuce 700,000 ba a ƙidayar 1790 sun kusa miliyan 4 a 1860. Kusan miliyan guda aka sayar daga tsofaffin jihohi irin su Virginia zuwa sababbin gandaye na can ƙuryar kudu, aka raba uwa da ɗa, miji da mata.

Filin farko ya zo ne a 1803, lokacin da Napoleon na Faransa ya sayar wa Amurka yankin Louisiana a kan dala miliyan 15, girman ƙasar ya ninka a dare ɗaya. Abin mamaki, bayi ne suka jawo wannan ciniki: tawayen bayin Haiti ya lashe rundunarsa, ya sa ya yanke ƙauna da wancan ɓangaren duniya. Wato 'yancin bayin Haiti shi ya buɗe wa bauta sabon fili a Amurka. Kada kuma mai karatu ya ɗauka filin ba shi da masu shi. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Jajayen Indiyawa, an yi dokar tashinsu a 1830, kuma a tattakin da aka tilasta wa ƙabilar Cherokee a 1838 an ƙiyasta mutum 4,000 sun mutu. Yawancin ƙasar da aka kore su daga cikinta a kudu, auduga aka shuka a kai.

Don mu fahimci zafin gardamar, sai mun leƙa Majalisar Dattawa. Kowace jiha, babba ko ƙarama, kujera biyu take da ita a can. A 1819 jihohi 11 na da bauta, 11 babu, ma'auni ya daidaita cif. Duk sabuwar jiha, ke nan, ƙuri'a biyu ce ga wannan ɓangare ko wancan. Da Missouri ta nemi shiga da bayinta, sai majalisa ta yamutse. A 1820 aka sasanta: Missouri ta shiga da bauta, Maine ta shiga ba bauta, aka kuma ja layi a taswira cewa sauran filin Louisiana da ke arewa da shi ba za a kai bawa ba. Wannan layi ya riƙe zaman lafiya fiye da shekara 30, amma sharaɗinsa shi ne kada a ƙaro wani filin da bai shafa ba.

Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Amurkawa 'yan kudu sun yi ta kwarara Texas, wadda a lokacin ƙasar Meziko ce, tare da bayinsu. Meziko ta haramta bauta a 1829, baƙin nan suka yi tawaye suka ɓalle a 1836, Amurka ta haɗiye Texas a 1845. Yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1846, kuma a yarjejeniyar 1848 Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Tun ana cikin yaƙin wani ɗan majalisa, David Wilmot, ya kawo ƙudurin cewa kada a kai bawa ko ɗaya filin da za a ƙwato. Ya wuce a Majalisar Wakilai, ya mutu a ta Dattawa. Muhimmin abu shi ne yadda aka jefa ƙuri'ar: 'yan majalisa suka ajiye jam'iyya gefe, ɗan Arewa ya bi ɗan Arewa, ɗan Kudu ya bi ɗan Kudu.

A nan ya kamata mu tsaya mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Yawancin 'yan Arewa da ke cewa kada a kai bayi yamma ba don tausayin bawa suke faɗa ba. Ƙaramin manomi Bature ba ya son gogayya da attajiri mai bayi ɗari, kuma ba ya son maƙwabtaka da baƙar fata, bawa ne ko ɗa. Tsarin mulkin da Oregon ta rubuta a 1857 ya haramta bauta, ya kuma haramta wa 'yantaccen baƙi zama a jihar. Masu ƙin bauta don Allah da mutunci akwai su, amma ba su da yawa, kuma a Arewar ma sun sha jifa.

Aka sake yin faci a 1850. Kalifoniya ta shiga ba bauta, aka biya Kudu da dokar kamo gudajjen bawa, wadda ta wajabta wa ɗan Arewa taimakawa wajen kama duk bawan da ya tsere zuwa garinsa. An sayar da kare an sayi biri, domin bautar da a da ake jin labarinta daga nesa yanzu ta iso ƙofar gida. Mu marubuta, nan ne wurin da ya fi shafarmu. Wannan doka ce ta harzuƙa Harriet Beecher Stowe ta rubuta ƙagaggen labarinta, Uncle Tom's Cabin, wanda ya fito a 1852 aka sayar da kwafi kusan 300,000 cikin shekara guda. Ba ta kawo wata hujja da 'yan siyasa ba su riga sun kawo ba. Abin da ta yi shi ne ta ba bawa suna da fuska da iyali, mai karatu ya kwana da shi a rai. Marubutan Kudu suka mayar da martani da nasu littattafan na yabon bauta, waɗanda yau sai masu bincike ke tunawa da su.

Daga nan abubuwa suka riƙa faruwa da sauri. A 1854 Sanata Stephen Douglas ya sa aka soke layin 1820, aka ce mazauna Kansas da Nebraska su zaɓa da kansu. Kowane ɓangare ya tura mutanensa Kansas da bindigogi, jini ya kwarara, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar Republican a kan manufar hana bauta yaɗuwa. A 1856 wani ɗan majalisa daga Kudu ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda a cikin zauren majalisa. A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar bawan nan Dred Scott, ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane sabon yanki. A 1859 John Brown ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry don tayar da bayi, aka kama shi aka rataye.

Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u. Bai yi alkawarin 'yanta bawa ko ɗaya a jihohin da ke da bauta ba. Abin da ya ce shi ne ba za ta ƙara taku ɗaya zuwa sabon fili ba. Masu gandu sun gane cewa bautar da aka killace ta kama hanyar mutuwa. Carolina ta Kudu ta ɓalle a Disamba 1860, jihohi 7 suka fita kafin ma a rantsar da shi, daga baya suka cika 11. Ranar 12 ga Afrilu 1861 aka buɗe wa sansanin Sumter wuta.

Lincoln ya shiga yaƙin ne don haɗa kan ƙasa. Bayin da suka riƙa gudowa sansanonin sojan Arewa dubu-dubu su suka taimaka wajen sauya alƙiblarsa, har ya yi shelar 'yanci ranar 1 ga Janairu 1863. Baƙar fata kusan 180,000 suka sa kakin sojan Arewa. A cikinsu akwai wani mutumin Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka sayar da shi ta Sahara zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya isa Amurka yana ɗa, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Ya rubuta tarihin rayuwarsa, aka buga a 1873.

Janar Lee na Kudu ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865, bayan kwana biyar aka harbe Lincoln. Sojojin da suka mutu sun kai aƙalla 620,000, kuma a Disamba na shekarar aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta.

To, filin da aka yi rigimar a kansa fa? Tun 1862, da 'yan Kudu suka bar kujerunsu a majalisa, aka yi dokar ba duk mai son noma a yamma eka 160 kusan kyauta, kuma Turawa ne suka kwashi mafi yawa. A Janairu 1865 Janar Sherman ya yanka wa iyalan 'yantattun bayi har eka 40 kowanne a gaɓar tekun Carolina ta Kudu da Georgia. Kafin shekarar ta ƙare, sabon shugaba Andrew Johnson ya ba da umurnin a mayar wa tsofaffin iyayengijinsu da yawancin gonakin. Da yawa daga cikin 'yantattun suka koma noman auduga a gandayen da suka baro, ana raba amfani da mai gona, bashin bana yana tarar da na baɗi.