Hemerokalis, Furen Yini Ɗaya

Hemerokalis fure ne ɗan asalin Sin, Koriya da Japan. Sunansa daga Girkanci yake, ma'anarsa "kyan yini", domin a yawancin nau'o'insa kowane fure yakan buɗe da safe, kafin wayewar gari ya yanƙwane. Sai dai kara ɗaya na ɗauke da ƙunshin furanni da yawa, yau wannan, gobe wancan, har makonni.

Wasu nau'o'in dogaye ne. Hemerocallis altissima na Sin karansa na kusan kaiwa mita 2, kuma masanin tsirrai Arlow Stout na lambun tsirrai na New York ya yi amfani da shi wajen haɗa sababbin iri.

Tsawon nan ne matsalarsa. In inuwa ta yi yawa, karan sai ya karkata yana neman rana. Takin zamani mai yawan sinadarin naitirojin kuwa na sa shi laushi, ruwa da iska su kwantar da shi. Masu lambu kan kafa sandar gora gefensa tun kafin ya yi fure, su ɗaure da tsumma mai laushi, sako-sako, kada ya shaƙe karan.

A Sin, busassun ƙunshin furensa kayan miya ne. Ga kyanwa kuwa guba ne.