Daga Lasifikar Ƙofar Fada Zuwa Ta Falo: Yadda Sauti Ya Shiga Gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni



Wani labari da aka turo mana mu duba shi ya jawo rubutun nan. An gina shi a Gyadi-Gyadi cikin 1978, sai ga ango ya shigo falo ya saka faifan CD. To, CD bai shiga kasuwa a ko'ina a duniya ba sai 1982, kuma ya jima sosai kafin ya zama kayan gida a Kano. Duk wanda ya rayu a lokacin, a wannan layin zai ajiye littafin. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun kayan sauti a unguwannin nan biyu.

A Kano lasifika ta riga rediyon hannu zuwa kunnen talaka. A 1944 gwamnatin Turawa ta kafa tashar rarraba shirye-shirye ta waya, aka liƙa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a kamar ƙofar fada, laburare da gidan waya. Mai hali kuma a jawo masa waya har gida, a ba shi akwati yana biyan kuɗin haya. Tasha ɗaya ce, abin da aka aiko shi za ka ji, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Garmaho kuwa na ƙalilan ne: a wana shi da hannu, a ɗora allura a kan faifai. Daga baya rediyo mai batir ta yaɗu, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. A duk waɗannan komai a akwati guda yake, babu abin da mai gida zai haɗa.

Sauyin ya zo da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta amince da shi a 1974, aka biya ariyas a 1975. A shekarun da suka biyo baya gidaje na ta ƙaruwa a wajen badala, ta titin Zariya da titin Maiduguri, ma'aikata suna tarewa a Gyadi-Gyadi da Tarauni da rukunin gidajen Kundila. Gida ne mai falo da wutar NEPA, falo kuwa yana neman abin da za a nuna wa baƙo. Aka fara da rikoda, National ko Sharp, ana sa kaset ɗin Shata ko karatun malamai. Wanda ya fi ƙarfi sai ya je Sabon Gari ya sayo kaya daban-daban: abin juya faifai, abin kaset, amfilifaya, da manyan lasifikoki biyu a gefe da gefe. Sunayen Kenwood, Pioneer, Akai da Technics suka shiga bakin samari.

A nan wahalar ta fara, domin yanzu mai gida shi ne mai haɗa auren. Amfilifaya ba ta da murya, ƙarfi take bayarwa. Lasifika ba ta da ƙarfi, murya gare ta. A bayan kowace lasifika akwai lamba, galibi om 8 ko om 4, wadda ke nuna yadda take tirjiya ga wutar da ake tura mata. In lambar ta yi ƙasa, amfilifaya ta fi shan wuya. Saurayi zai samu lasifika biyu masu om 8 ya ɗaure su a baki ɗaya don ƙara ƙara, bai san sun koma om 4 ba. Ya ƙara wasu biyu, sun koma om 2. Ana cikin hira sai a ji ƙaurin waya, washegari a ɗauki amfilifaya a kai wa mai gyaran rediyo.

Abin da ya fi ba mutane mamaki, ƙaramar amfilifaya ma tana kashe babbar lasifika. In aka murɗa ta fiye da ƙarfinta sautin yakan dagule, wannan dagulewar ce ke ƙona ƙaramin bakin da ke fitar da siririyar murya. Sai a zagi kamfani, alhali hannun mai murɗawa ne. Ga kuma wutar da kan zo da rauni ko ta zo da hauka, wadda ta sa sitabilaiza ta samu gurbi a ƙarƙashin kanta.

Marar kuɗi bai zauna ba. A sayi tsurar lasifika, ko a ciro ta mota, a kai wa kafinta ya yi mata akwati. Wasunmu sun taso sun ga an kifa ta a bakin tukunyar ƙasa, kuma dabarar tana da tushe: lasifika tsirara iskar gabanta da ta bayanta suna kashe juna, kaurin sauti ya ɓace, amma da an killace bayan sai ya dawo. Irin wannan tukunya a ɗakin samari ta fi shafi guda na bayanin talauci.

Shekarun 1990 sun zo da kayan Kwatano masu sauƙi, suka zo da finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya a 1990. Ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa suka cika titin gidan Zoo, maƙwabcin Gyadi-Gyadi, kiɗan fiyano ya kori na kalangu daga falo da yawa. Shi kuwa wannan kiɗa duka yake so a ƙirji, don haka kowa ya koma neman lasifikar da za ta girgiza taga. A lokacin ne aka fara ganin akwatuna ɗauke da tambarin wat dubu kaza PMPO, lambar talla da ba ta da wani ma'auni tsayayye. Masu gyara lambar RMS suke dubawa, wadda sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na waccan ba. Ko da lambar gaskiya ce, ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji. Sai an ninka kusan sau goma yake jin kamar ƙarar ta ninku.

Bayan zuwan wayar salula a 2001, Farm Centre da ke Tarauni ta zama kasuwar waya, sauti ya koma katin memori, sannan Bluetooth. Yau amarya da ƙaramin akwati mai caji take tarewa, amfilifaya da lasifika da batir duk a ciki, kamfani ya riga ya haɗa auren. Mun zagayo mun dawo akwati guda irin na 1944, sai dai yanzu mu ke zaɓen abin da zai faɗa.

Shi kuwa ɗan uwanmu mai labarin 1978, mun ce ya ba angonsa rikoda National mai cin manyan batura, ya sa ƙanin amarya a gefe yana naɗe zaren kaset da biro.