Akwatin wifi a bazarar Ƙonni

Kafin wayar salula ta zo, mai son kiran ɗan'uwansa da ke Yamai ko Abijan daga Birnin Ƙonni sai ya tafi telesantar, ya jira layi, ya biya kuɗin mintocin da ya ci. Wayar ta kamfanin Sonitel ce. Daga 2001 al'amura suka sauya: Celtel ta shigo Nijar, ta zama Zain, ta koma Airtel a 2010. Orange ta iso a 2008, daga baya ta zama Zamani. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom. Su kuwa mutanen Ƙonni, da yake iyaka na bakin ƙofarsu, da yawa suna riƙe da sim biyu, na gida da na Najeriya, wanda rezonsa ya fi ƙarfi shi ke aiki.

Daga baya ne akwatin wifi ya shiga gidaje da shaguna, ya tarar da abokan gaba biyu da suka riga shi zama.

Na farko wuta. A 2018 aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza da ke kusa, amma kamfanin wutar lantarki na Nigelec ya daɗe yana dogaro da wutar da yake sayowa daga Najeriya. Da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023, bayan juyin mulki, sai aka koma kan janareto da batirin sola har zuwa Maris ɗin 2024. Ɗaukewa da kawowa babu sanarwa, sau da yawa cajar akwatin ce ke fara ƙonewa.

Na biyu ya fi naci. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa akwatin zai yi aiki lafiya har zuwa digiri 40. A Afrilu da Mayu, zafin Ƙonni kan wuce haka ko a inuwa, balle a ɗakin kwano da azahar. Ƙananan akwatunan nan ba su da fanka, ramukan jikinsu kaɗai ke fitar da zafi, su kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe su. Idan cikin akwatin ya ɗau zafi sai ya rage gudu don kare kansa, ko ya mutu ya sake tashi. Mai gida ya hau zagin kamfani, alhali laifin yana kan talabijin ɗin da ya ɗora akwatin a kai, har da ƙyallen da aka lulluɓe shi da shi don ado. Wanda ke da batiri a ciki kuwa, batirin kan kumbura har murfin ya ƙi rufuwa.

Masu gyaran waya sun san maganin: a rataye shi a bango nesa da kwano, a busa ƙurar, a kunna masa ƙaramar fanka. Matsalar ba ta tsaya a gidaje ba: Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, masu sayar da tikitin wifi a unguwanni suka rungume ta, faranti a saman rufi, akwati a cikin shago.