Gidan Farko: Daga Gayya Zuwa Rancen Banki a Birnin Kudu da Gwaram

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, tun suna gundumomi a ƙarƙashin Masarautar Kano, ba a san saurayi da sayen gida ba. In ya tashi aure, mahaifinsa yakan yankar masa sashe a cikin gidan gandu. In wuri ya yi kaɗan, sai a je wurin mai unguwa ko dagaci a nemi fili, a kai ɗan goro. Da kaka ta wuce sai a kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a saro azara. Abin da mai ɗaki zai kashe bai wuce abincin masu gayya da ladan magini ba. Wannan ma bashi ne, sai dai da ƙarfin jiki ake biyansa ranar da maƙwabci ya kira tasa gayyar.

Kwano da siminti su ne suka jawo kuɗi cikin maganar, domin ba a haƙo su a kududdufi. Taimakon hukuma kuwa daga nesa ya faro. A 1956 aka kafa kamfanin ba da rancen gina gida a Ikko, wanda manyan ma'aikata suka fi cin moriyarsa, kuma shi ne ya zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a 1977. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudurta gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma juyin mulkin ƙarshen 1983 ya riske ta aikin bai kai ko rabi ba.

Babban cikas yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta danƙa filayen birane ga gwamna, na karkara kuma ta bar wa ƙaramar hukuma rabonsu bisa al'ada. Banki kuwa ya fi amincewa da takardar mallaka mai sa hannun gwamna a matsayin jingina. Manomin Gwaram da ya gaji fili kaka da kakanni, shaidarsa dagaci ne da dattawan unguwa, su kuwa ba a jinginar da su. Kafin ya sami takarda sai ya biya kuɗin awo, ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano, ko Dutse bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

Da aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, an wajabta yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, da alkawarin rancen gina gida. Malamin makaranta a Birnin Kudu ya ga yanka a takardar albashinsa kowane wata, amma tsakaninsa da rancen akwai takardar fili da bankin jingina, ga kuma ƙyamar riba da ta hana da yawa ko tambaya. Saboda haka akasarin ƙananan ma'aikata da kuɗin adashi da na ƙungiyar gama kai suka yi gini: bana a sayi fili, baɗi a buga bulo, a rufa ɗaki biyu a tare, saura kuma ya jira kuɗin sallama.