Yadda Siri Lanka ta samu gwajin gigin tsufa a harshen Sinhala

A shekarar 1975 likitocin ƙwaƙwalwa uku a Amurka, Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh, suka fito da wani gajeren gwaji mai maki 30 da ake kira MMSE. Cikin kamar minti goma likita zai tambayi tsoho ranar yau da wurin da yake, ya faɗa masa kalmomi uku ya riƙe, ya sa shi ya riƙa cire bakwai-bakwai daga 100, sannan ya rubuta jimla ɗaya. Wanda makinsa ya gaza 24, sai a fara zargin gigin tsufa.

Gwajin ya karaɗe duniya, amma an ɗinka shi ne da awon Bature mai boko. A Siri Lanka, inda kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a Sinhalawa ne, tambayar "wane lokacin shekara muke ciki?" ma rigima ce, domin manomi can da damuna biyu yake lissafi, Yala da Maha. Ga kuma batun makaranta: sai a 1945 aka fara ilimi kyauta, saboda haka tsofaffi da yawa na ƙarshen ƙarni na 20 ba su yi zurfi a karatu ba. Tsohuwa mai cikakken hankali na iya faɗuwa lissafin bakwai-bakwai, a ɗora mata ciwon da ba ta da shi.

Wannan ya sa H. A. de Silva da S. B. Gunatilake na Jami'ar Kelaniya suka mayar da gwajin cikin Sinhala, suka jarraba shi a kan 'yan shekara 65 zuwa sama, suka wallafa sakamakon a 2002. Sun sauko da iyakar zuwa maki 17. A wani binciken da suka wallafa a 2003, sun bi tsofaffi 703 a yankin Ragama, suka tarar kusan kashi 4 cikin 100 na fama da cutar.

Sai dai MMSE ba ya saurin kama ciwon tun yana sabo. A 2011 masu bincike a Kolombo suka tantance fassarar Sinhala ta MoCA, gwajin Ziad Nasreddine na Kanada, wanda ya fi tsauri: har agogo ake sa mutum ya zana.

Duk waɗannan gwaje-gwaje na tacewa ne kawai. Wanda ya faɗi, sai likita ya bincike shi sosai, ya kuma saurari iyalinsa, kafin a yanke hukunci.