Daga Bungudu zuwa 'Yandoto: Tarihin da Ke Gefen Titi

Wanda ya tashi daga Bungudu da hantsi ya nufi gabas, ya ratsa Gusau, ya bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi har ya kai Tsafe, zai iya komawa gida kafin la'asar. Tafiyar gajera ce, amma sunayen sarautun da ke kan hanyar kaɗai sun isa darasi. A Bungudu Sarkin Fulani ne. A Gusau, babban birnin Jihar Zamfara, Sarkin Katsina ake kira. A Tsafe kuwa sarautar 'Yandoto ce, sunan wani gari da aka ci da yaƙi fiye da shekara 200 da suka wuce.

A ce wata ƙungiyar maza ta Gusau, irin ta tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan kasuwa, wadda ta haɗa Bahaushe da Bafillace da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Sabon Gari, ta ɗauki mota don ziyarar waɗannan wurare. Kowanensu zai iske cewa kakanninsa ma baƙi ne a wani zamani.

Zangon farko dutsen Kwatarkwashi ne, a Ƙaramar Hukumar Bungudu. Tun kafin jihadi mutane ke zaune a gindinsa da kwazazzabansa, domin dutse ganuwa ce da ba a biya magina ba. A nan aka san bikin kamun maiki, inda samari ke hawa dutsen su kamo tsuntsun da ransa, kuma a nan al'adun Maguzawa suka daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da Musulunci. Bikin ya kau, dutsen yana nan. Sarkin garin, Alhaji Ahmad Umar, ya rasu a 2022 bayan shekara 61 a gadon sarauta, wato ya ga Jihar Arewa, ya ga ta Arewa maso Yamma, ya ga ta Sakkwato, ya kuma ga Zamfara da aka ƙirƙira a 1996, duk daga fada ɗaya.

'Yandoto ce ta fi cancanta a daɗe a cikinta, ko da yake ita ce mafi ƙarancin abin gani da ido. A da tana cikin ƙasar Katsina, a yankin da ake kira Katsina Laka, kuma ta shahara da malamai da fatake, ciki har da Wangarawa masu alaƙa da ƙasar Mali. Labarin baka na Katsina ya ce daga nan Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓi sarauta. Ko mutum ya ɗauki labarin yadda yake ko bai ɗauka ba, abin lura shi ne Katsinawa da kansu suka jingina asalin gidan sarautarsu ga wannan gari. Da jihadin Shehu Usmanu ya taso a 1804, malaman 'Yandoto suka rabu: wasu suka bi, da yawa suka ƙi. Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin. Nan ne tarihin ke da ɗaci, domin malamai ne suka yaƙi malamai, kuma kowane ɓangare yana da littattafansa. Hujjar masu nasara ta iso mu a rubuce, cikin Infaƙul Maisuri na Bello. Ta waɗanda aka ci kuwa sai dai a tsinto ta daga bakin abokan gabarsu.

Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya bi Shehu, daga wannan yanki ya fito ya kafa Gusau. Shi ya sa magadansa ke riƙe da sarautar Katsina a tsakiyar jihar da ake kira Zamfara. Sauran labarin Gusau na jirgin ƙasa ne: layin dogo daga Zariya, wanda ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo cinikin gyaɗa da auduga, ya kawo Yarabawa da Ibo da Kwarori, har aka sami Sabon Gari. Bayaraben da ke cikin waccan motar yana iya zama jika ko tattaɓa-kunnen ma'aikacin tasha, bai san wani gida ba sai wannan.

Sai dai yau motar da wuya ta tashi. Hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa ta shiga jerin waɗanda matafiya ke bi da addu'a, saboda 'yan bindiga. A Satumba 2021 aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kusan wata guda a hannunsu. A Yuli 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru, ɗan bindigar da hukuma ke nema, sarautar Sarkin Fulani, gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da sarkin. Da yawa daga matasan Najeriya a ranar suka fara jin sunan 'Yandoto.

Asarar ta wuce ta yawon buɗe ido. Rikicin yanzu ana yawan fassara shi da Hausa da Fulani, kamar ƙabilu biyu ne da ba su taɓa haɗa masallaci ko kasuwa ba, alhali wuraren da za su ƙaryata wannan fassara su ne aka daina zuwa. Dattawan da suka san inda tsohuwar ganuwa ta bi da inda makabartar malamai take suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma sun yi gudun hijira zuwa Gusau, inda ba mai tambayarsu komai sai sunan ƙauyen da suka baro.