Zare: Bindigar iska, doki ko tantabara, wanne ya fi tsada a Sakkwato?

1/ Tun da hoton Yusuf Dikeç ya karaɗe intanet a 2024, mutumin Turkiyyan nan da ya tsaya hannu cikin aljihu ya ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Paris, matasa ke tambaya: nawa ake kashewa a fara wasan harbi da bindigar iska? Ya fi riƙon doki araha? Ku gyara zama, amsar tana cikin tarihi. 🧵

2/ Kowace sha'awa kuɗi uku take ci: kuɗin saye, kuɗin riƙo, da kuɗin izini. A majalisun samari, daga Sabon Gari har cikin gari, lissafin biyun farko ake yi. Na ukun ake mantawa, alhali shi ne ba a iya biya da naira kaɗai. A kansa zaren nan zai ƙare.

3/ Mu koma 1804, Tabkin Kwatto. Rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da dawakai da lifidi. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, kuma su suka yi nasara. Kayan ɗan baka ba su da tsada: itace, tsarkiya, kyauro, sai tsinin da maƙeri zai ƙera. Saura hannu da ido.

4/ Doki fa? Wannan sai mai hali. Bayan kuɗin dokin akwai sirdi, linzami, likkafa, ga barga, ga yaron da zai yanko ciyawa kullum. Shi ya sa tun can doki na sarauta ne da attajirai. Iya saiti kuwa gwanintar talaka ce: makiyayi, maharbi, yaro mai tsaron gona.

5/ Bindiga baƙuwa ce, sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Mai Idris Alooma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa tun ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Amma ba su yi yawa ba.

6/ A 1826 Baturen nan Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa wani yaƙi a ƙasar Gobir. Cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga arba'in ne da 'yan kai. Dalili? Kuɗin riƙo. Bindiga da albarushi mai kyau sai an ratso Sahara da su, ko an hauro da su daga bakin teku.

7/ Wadda ta bazu daga baya ita ce harbi-ka-ruga. Sunan kaɗai ya isa bayani: in ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗura albarushi abin da ka harba ya iso ka. Maƙeranmu suka koyi gyaranta, suka koyi ƙera ta. Ta zama bindigar maharba, mai araha, mai raha, mai fashewa a hannu wani lokaci.

8/ Ku lura da wannan, za mu dawo kansa. A da in an ce "'yan bindiga", dakarun fada ake nufi, masu buga albarushi ranar hawan salla, ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, yara su bi su da ihu. Aiki ne na alfahari, ana gadonsa. Yau in ka ji kalmar a rediyo, gabanka faɗuwa yake.

9/ A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels. Ciki har da hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, aka bar musu tsofaffin masu ƙanƙara da albarushi. Daga nan tambayar ta fara canzawa. Da "kana da kuɗin saye?" ake tambaya, yanzu ta koma "an yarda ka riƙe?"

10/ Sakamakon ya bayyana ranar 15 ga Maris 1903 a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fito da mahaya da 'yan baka da takubba, sojojin Ingila suka zo da bindiga mai ruwa da igwa. Ba a kai azahar ba aka tashi. Sunan wurin ne filin wasa na Giginya ke ɗauke da shi yau.

11/ Da yaƙi ya ƙare, kayan yaƙi suka nemi sabon aiki. Doki ya koma na hawan salla, sukuwa da folo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi folo, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake ambato. Doki ya rasa yaƙi amma ya riƙe girmansa. Bindiga ta rasa yaƙi, ta koma sai da takarda.

12/ A zamanin ne aka yanka unguwannin baƙi da ake kira Sabon Gari a biranen Arewa. Ta irin waɗannan unguwanni, da bariki da makarantun boko, sababbin abubuwan sha'awa suka shigo: silima, garmaho, uwa uba ƙwallon ƙafa. Ƙwallo ɗaya, mutum 22, fili kyauta, ba lasisi. Ta yaya ba za ta ci gari ba?

13/ Sai dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita Najeriya ke aiki. Ta kasa bindiga gida uku. Na farko na yaƙi, sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu na amfanin kai, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku irin su harbi-ka-ruga, lamarinsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

14/ To bindigar iska a ina take? Gida na biyu. E, jeri ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu. A idon doka ba kayan wasa ba ce. Wanda aka kama da ita ba lasisi zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin.

15/ Mece ce ita ɗin? Ba albarushi a cikinta. Iska ce ake matsewa, da sifirin ko da ƙaramar tukunya, ta tunkuɗo 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Ba sabuwa ba ce: sojojin Ostiriya sun riƙe wata irinta mai suna Girandoni tun wajen 1780. Tana fasa ido, tana iya kisa. Kar a raina ta.

16/ Ta shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Angeles, ƙaramar ta hannu ta biyo baya a 1988 a Seoul. Ana tsayawa nisan mita 10, a yi harbi 60. Ɗigon tsakiya da mai doguwar ke nema rabin milimita ne, kamar ɗigon biro. Wasan numfashi ne da natsuwa, ba na ƙarfi ba.

17/ Kuɗin saye. A kasuwannin Turai da Amurka ta masu koyo ba ta kai dala 200 ba. Ta gasa, irin su Walther, Steyr ko Feinwerkbau, daga dala 1,500 take tashi sama. Da dala ake sayen komai nata, kuma kun san yadda naira ta yi tun Yunin 2023: daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024.

18/ Kuɗin riƙo kuwa, nan take burge mutane. Gwangwanin ƙwaya 500 yana kamawa dala 10 zuwa 20. Mu ɗauki 15: harbi 60 bai kai dala 2 ba ke nan. In ka ajiye ta wata uku ba ta cin komai. Ba ta ciwo, ba ta neman likita, ba ta mutuwa cikin dare.

19/ Doki akasin haka yake. Kullum yana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa: harawa, dusa, dawa, ga kanwa. Ko ka hau ko ba ka hau ba, ko an biya albashi ko ba a biya ba. Ka tambayi masu barga yadda harawa ke tsada in bazara ta yi nisa. Sayen doki rana ɗaya ne, riƙonsa kullum.

20/ Tantabara ce sarauniyar araha. Mace da namiji, ɗan ɗaki na katako ko tukwane, tsabar gero, ruwa. Ƙwai biyu take yi, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka. Sha'awa ce mai biyan kuɗin kanta: ka sayar, ka yi kyauta, ka yanka wa mara lafiya. Abokan gabanta muzuru da ɓarawon unguwa.

21/ Gidan kallon ƙwallo, gidan gem da data kuwa ɓarayin ɓoye ne. Ba ka taɓa biyan babban kuɗi lokaci ɗaya, shi ya sa ba ka jin zafi. Ɗauki biro ka tara abin da ka kashe daga farkon kakar Firimiya zuwa ƙarshenta. Wani zai ga ya ci kuɗin tantabaru garke guda, bai riƙe ko gashi ba.

22/ In a nan aka tsaya, bindigar iska ta fi doki araha nesa ba kusa ba. Lissafin da kuke gani a YouTube ke nan, kuma gaskiya ne, a can. A Ingila baligi na sayen mai ƙaramin ƙarfi ba lasisi. A Jamus ma haka, in ba ta wuce ƙa'idar ƙarfin da aka sa ba. Kulob-kulob kuma birjik.

23/ A nan fa? Lasisi tukuna, kuma a Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan bindigogi. Sannan a ina za ka yi atisaye? Abhinav Bindra na Indiya da ya ciyo zinare a 2008, mahaifinsa ne ya gina masa wurin harbi a gida. Mu nawa ke da wannan uban?

24/ Sai mafi tsada duka: zato. Jihar da mutanen Isa da Sabon Birni ke kwana da ido ɗaya, wa zai tsaya duba ko ta iska ce a hannunka da magariba? A ƙarshen Maris 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi, jihar Edo, suna hanyar Kano yin salla. Bindigogin farauta aka gani a motarsu. Allah Ya jiƙansu.

25/ To ga jadawalin. Doki: saye da tsada, riƙo da tsada, amma gari ya yi maka jinjina. Tantabara: araha ta ko'ina. Ƙwallo da gem: kaɗan-kaɗan har su cinye ka. Bindigar iska: riƙo kusan kyauta, izini kuwa zai iya cin 'yancinka ko ranka. Tarihin shekara 130 ne ya sa mata wannan farashin, ba kasuwa ba.

26/ Saboda haka ɗan'uwa, kar ka yi odarta ta intanet don ka ga araha. Rigakafi ya fi magani. Mai son wasan da gaske ya bi ta hukumar wasanni ta jiha, a nemi kulob mai rajista da wurin harbi mai tsaro. Kafin nan ga baka da kibiya, su ma wasan Olamfik ne, kuma gadonmu ne tun kafin Kwatto.

27/ Ku fa, wace sha'awa ce ta fi cin aljihunku, kuma nawa a wata? Masu barga da masu tantabara, ku kawo farashin yau mu gwada. Wanda kuma kakansa ɗan baka ne ko ɗan bindigar fada, ya ba mu labari a ƙasa. A tura wa abokin nan da ke shirin yin oda. 🙏